Inji a baya, lagireto a gaba: zafi ya ƙi sauka

Salamu alaikum, manyanmu makanikai. Motar da muka daɗe muna burin ƙerawa ce ta tsaya a gareji a Agege. Kujera biyu, bodin faiba, injin Toyota 1NZ-FE mai lita 1.5 daga kasuwar kayan mota ta Ladipo. Bututun alminiyam biyu, kowanne mita 3, suka haɗa inji da lagireto ta ƙasa.

In hanya ta buɗe, zafi na tsayawa a digiri 90. Da an shiga gosulo sai ya haura 105, alhali fanka na juyawa, lagireto kuma da ɗumi kawai. An fitar da iska daga hanyar ruwa, an canza tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi).

Famfon ruwan ne ya gaza turawa a silo? A ƙara na lantarki, ko a ɗaga tankin ruwa sama da kan injin? Don Allah a taimaka.