Gwamnati ta biya wa ɗalibai kuɗin jami'ar kuɗi, ya dace kuwa?

Ɗan Kurna:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata sau biyu tana zana JAMB tana neman likitanci a BUK ba ta samu gurbi ba, bana wata jami'ar kuɗi ta ɗauke ta amma wallahi kuɗin shekara ɗaya ya fi albashina na shekara. Na leƙa bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, ashe na makarantun gwamnati ne kaɗai. To jihar Kano ba za ta iya ɗaukar nauyin irin su ba ne?

Maman Hanif:
Wa alaikumussalam. Ai an taɓa yi ɗan'uwa, a zangon Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, an tura yaran Kano Al-Qalam ta Katsina da Bells ta Ota da Crescent ta Abeokuta da Igbinedion ta Okada. Ni abin da ke tsorata ni da tsarin shi ne likitanci shekara shida ne, gwamnati kuma shekara huɗu, in wadda ta zo ta daina biya makarantar ba ruwanta, riƙe sakamakon yaro za ta yi, shi bai gama ba shi bai dawo gida da komai ba. In za a yi a ware kuɗin har zuwa ajin ƙarshe tun ranar farko.

Malamin Gwale:
Ku yi haƙuri ni kam ban yarda ba. Abin da za a kashe wa yaro ɗaya a can zai yi wa yara da yawa rajista a jami'o'in jiha, Wudil ko Northwest. A 2023 da Gwamna Abba ya rage rabin kuɗin manyan makarantun jiha, ya kuma biya wa 'yan Kano 7,000 rajista a BUK, ai talaka ya gani a ƙasa. Sannan wa zai zaɓi waɗanda za a biya wa? Kar ɗan mai hali ya shige ɗan mai faci ya tsaya a layi.

Maman Hanif:
Malam maganarka gaskiya ce, amma gurbin ne babu. MDCN, hukumar kula da likitoci ta ƙasa, ke yanke adadin da kowace jami'a za ta ɗauka a likitanci, ko ka rage kuɗi kujerar ba ta ƙaruwa, ga yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas cur yara na zaune a gida. A taƙaita shi ga likitanci da jinya, a duba maki da halin gidan yaro, in ya gama ya yi wa asibitocin jiha aiki na wasu shekaru.

Malamin Gwale:
In haka ne da sauƙi Hajiya, amma a riƙa fitar da sunayen waɗanda aka tura da waɗanda suka gama kowa ya gani. Ɗan Kurna kafin ku biya ko sisi ka tabbatar hukumar jami'o'i ta NUC da MDCN sun amince da kwas ɗin a makarantar.

Ɗan Kurna:
Na gode sosai, wannan ta amincewar ko kaɗan ba ta zo min a rai ba. Gobe in sha Allahu zan je makarantar da kaina in tambaya, sai mu zauna da Baba.