Salak ɗin gasasshiyar kabewa: me ke sa shi jagwaɓewa?

Amaryar Bana:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Kaka ta shigo, kabewa ta yi araha. Ina son haɗa salak na gasasshiyar kabewa da ganye, amma kabewar narkewa take kamar za a yi miyar taushe, latas ɗin kuma ya yi yaushi tun kafin a kai shi gaban maigida. Ina gyaran yake?

Uwar Ɗaki:
Wa alaikumus salam 'yata. Gyaran tun daga kasuwa yake. Ki zaɓi kabewa mai nauyi wadda farce ba ya shiga bawonta. In yanka ake sayarwa, ki ɗauki wadda cikinta ya yi ja sosai. Mai fari-fari ruwa ne ya cika ta, ta miya ce.

Kilo 1 ya ishi mutum 4. Ki fere, ki kankare 'ya'yan da zaren cikin, ki yanka gutsi-gutsi kamar santimita 2, kai ɗaya, don su nuna tare. Goge su da tsumma mai tsafta, ki cakuɗa da man gyaɗa babban cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, da ɗan yaji. Gishirin sai za ki sa a wuta, don in ya jima a jiki yana tsotso ruwa waje.

Abin da ke narkar da ita yawanci cunkoso ne. In kika tula su a tire ɗaya, tururin da suke fitarwa ba ya samun hanyar fita, sai su dahu maimakon su gasu. Ki baje su, kowane gutsure yana taɓa ƙarfen tire, da tazara tsakani. In ba su shiga ba, ki yi zubi biyu. Obin ya riga ya ɗauki zafi zuwa digiri 220 kafin ki saka. Minti 25 zuwa 30, juyi ɗaya tak bayan minti 15. Gefe ya yi ƙasa-ƙasa, cokali mai yatsu ya shige ba tare da ta farfashe ba, ki sauke.

Yaya Mai Lambu:
Hajiya ta gama da kabewa, ni ganyen zan taɓa. Kada zafi ya hau latas. Bar kabewar ta huce minti 15 a kan tirenta, a buɗe. Latas kuwa a wanke shi ganye-ganye da ruwa mai tsafta, a tsane a kwando, a ƙarasa busarwa da tsumma. Ganye mai ruwa ba ya riƙe mai, sai ki ga komai ya taru a gindin kwano.

Mahaɗi: mai cokali 3, ruwan lemon tsami cokali 1, zuma ƙaramin cokali 1, gishiri ɗan tsunkule, a girgiza a kwalba. Ba a zuba shi sai ana shirin ci. Kada kuma ki cire man da sunan neman lafiya, ƙanwata, shi ke taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin da ke cikin jan kabewa wanda yake juyawa zuwa bitamin A.

Amaryar Bana:
Allah ya saka da alheri. In babu obin fa? Kuma zogale zai shiga?

Baban Yara:
Gawayi ya fi ba ta ƙamshi ma, Malama. Sai dai a yanka ta fale-fale, kaurin santimita 1, a shafa mai, a ɗora kan waya bayan garwashi ya yi toka-toka, kamar minti 5 zuwa 7 kowane gefe. Wuta mai ci za ta ƙona waje ta bar ciki ɗanye.

Zogale a ganina ya fi latas dacewa da ita, domin ɗan ɗacinsa yana karya zaƙin kabewa, kuma ɗumi ba ya kashe shi. A dafa har ya yi laushi, a matse shi da hannu sosai, a warware. Kofi 2 ya isa kilo 1. A sa albasa 1 da aka jiƙa a ruwan lemon tsami minti 10. Ƙuli-ƙuli a daka shi tsaki-tsaki, rabin kofi, a barbaɗa daga ƙarshe. In aka kwaɓa shi da ruwa irin na kwaɗo, juyawar za ta dame kabewar.