Sauya tsarin lissafi a shago: yaya kuka yi da tsofaffin yaranku?

Mai shagon atamfa, Kantin Kwari, Kano:

Assalamu alaikum. Mahaifina ya miƙa mini ragamar shagonmu a ƙarshen 2022, daidai lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Kafin wa'adin daina karɓar tsofaffin kuɗi ya cika, wanda aka ɗaga daga 31 ga Janairu zuwa 10 ga Fabrairu, 2023, tsabar kuɗi ta riga ta yi ɓatan dabo a kasuwa. Sai kowane yaro ya riƙa bai wa mai saye lambar asusunsa na ƙashin kansa, har aka wayi gari cinikin shago ɗaya yana warwatse a asusu biyar. Na buɗe asusu guda da sunan shago, na kawo na'urar POS, na kuma ce kowane turmi da kowane yadi a shigar da shi kwamfuta. Na'urar ta samu karɓuwa, amma kwamfutar ƙura take sha har yau, domin babban yaronmu, wanda ya shekara ashirin da littafi a hannunsa kuma ya ɗauke ni a kafaɗa ina ƙarami, bai taɓa ce mini a'a ba, bai kuma taɓa kunna ta ba. Ina roƙon waɗanda suka bi ta irin wannan hanya su gaya mini yadda suka yi.

Hajiya mai gidan abinci, Zariya:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni da garaje na fara, kuma na ji a jikina. Wata safiya na tara ma'aikata na karanta musu doka cewa daga yau duk wadda ta sallami abinci a kan alat ɗin da aka nuna mata a waya, alhali kuɗi bai shigo ba, daga albashinta za a cire. A satin nan aka yaudari wata yarinya da alat na bogi, na cire mata kamar yadda na faɗa, washegari ita da mai girkina da muka shekara bakwai tare ba su zo ba. Da na bi sawun mai girkin har gida, ta ce ba dokar ce ta ɓata mata rai ba. Abin da ya ɓata mata rai shi ne 'ya'yana da dangin maigidana suna cin abinci kullum ba a rubutawa, amma yarinyar da ba a taɓa koya wa duba na'ura ba ita ce ke biyan asara. Na mayar wa yarinyar kuɗinta, na zauna na koya musu cewa sai rasit ya fito ake sallamar mutum, sannan na sa aka fara rubuta ko kwanon da ni kaina na ɗiba. Tun daga ranar da suka ga sunana a littafin ban sake yin faɗa a kan rubutu ba.

Ɗan kasuwar hatsi, Dawanau:

Namu ya bambanta kaɗan. Manyan masu saye daga Kudu ba su da matsala da taransifa, amma manomin da ya kawo buhu biyu na gero a kasuwar ƙauye, inda sabis ma sai an hau tudu, ba ya sakin kayansa sai ya ƙirga kuɗi a hannu, haka ma 'yan dako. Na so in mayar da komai ta banki, dillalina ya ce in na yi haka zan rasa mutanen da ke kawo mini kaya tun zamanin mahaifina, kuma gaskiyarsa ce. Saboda haka saidawa ta banki nake yi, saye kuwa da tsaba, ko a lokacin da sai na ba masu POS ƙarin kuɗi mai ciwo kafin in samu tsabar.

Tsohon yaron shago, yanzu mai rumfar kansa, Kasuwar Singa:

Ranka ya daɗe, ka ba ni dama in faɗi abin da yaranka ba za su iya faɗa maka ba, domin na shekara goma sha ɗaya a matsayinsu. Yawancinmu ba mu da albashi tsayayye. Abin da yaro ke rayuwa da shi shi ne kuɗin abinci, da ɗan abin da ya ɗora a kan farashin maigida idan ya iya ciniki, da fatan wata rana a sallame shi da jari. Maigida ya san da ɗorin nan, yana kawar da kai ne, domin shi ma ta nan ya taso. Ranar da ka ce a shigar da kowane yadi da farashinsa a kwamfuta, kuɗi kuma ya tafi kai tsaye asusun shago, ranar ka toshe wannan ƙofa ba tare da ka buɗe wata ba, ko da ba nufinka ke nan ba. Babu yaron da zai tsaya gabanka ya ce ka rage masa ɗori, domin faɗin hakan kamar amsa laifin sata ne, shi ya sa sai dai ka ji ana cewa kwamfuta tana ɓata lokaci ko babu wuta. Maigidana da ya gane haka, sai ya yanka mana la'ada sananniya a kan kowane katon da muka sayar, ya kuma faɗa wa kowa shekarar sallamarsa a gaban shaidu. Bayan wata guda mu muke tuna masa idan ya manta bai shigar da kaya ba.

Dattijo mai sayar da shadda, Katsina:

Ɗana, abin da wannan bawan Allah ya faɗa gaskiya ne, amma game da babban yaronku akwai wani abu bayan kuɗi. Littafin nan shi ne girmansa a shagon. A cikinsa ya san wanda ake bai wa bashin dila guda ba tare da rubuta yarjejeniya ba, da wanda aka yi wa rasuwa ba a tambayarsa sai bayan arba'in, da wanda ko yadi ɗaya ba a ba shi sai da kuɗi. Idan ka ɗora ƙaramin yaro a kan kwamfuta, a idonsa ka tuɓe masa rawani ne a gaban ƙannensa. Lokacin da 'ya'yana suka kawo mini irin wannan tsari, wata uku na yi ina ƙi, kuma ban sauko ba sai da suka bar mini hukuncin bashi, su kuma suka ɗauki ƙirgar kaya. Sannan kada maganar ta fito daga bakinka. Ka roƙi Alhaji mahaifinka ya kira shi su biyu, tunda shi ya ɗauke shi aiki.

Mai shagon atamfa, Kantin Kwari, Kano:

Allah ya saka da alheri. Baba, na kai wa Alhaji maganar, ya kira shi bayan sallar La'asar suka daɗe a ciki, kuma yanzu ƙanena ne ke bugawa a kwamfuta, shi kuma yana karanto masa daga littafi kafin a rufe shago, ba a kuma bayar da bashi sai da amincewarsa. Batun ɗori ya fi wuya. Na zauna da yaran na kawo maganar la'ada, uku sun yarda nan take, amma wanda ya fi kowa iya ciniki ya lissafa ya ga abin da na yanka bai kai rabin abin da yake samu ba, ya ce in ba shi zuwa bayan Sallah ya yi shawara. Ɗan'uwa na Singa, a kan adadin kaya maigidanku ya yanka muku la'adar, ko kuwa wanda ya sayar sama da farashi yana da kaso a cikin rarar?