Gudun farfaɗiya a salar ƙwaƙwalwar ɓera: wanne zan ɗauka?

Hafsat:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman haske kan auna gudun farfaɗiya a ɓawon ƙwaƙwalwar ɓera. Ga tsarin: sala (siririn yankin ƙwaƙwalwa) mai kaurin maikuromita 400, ruwan ACSF (ruwan gishiri mai kwaikwayon ruwan ƙwaƙwalwa) da ake hura wa oksijin kashi 95 da kabon dayoksaid kashi 5, zafi digiri 33, sannan a cire magnesiyam gaba ɗaya don tayar da farfaɗiyar. Ilektrod biyu na gilashi a shimfiɗa ta 5 ta ɓawon, tazarar milimita 2 tsakaninsu. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. A tashin farfaɗiya na farko, siginar LFP (lantarkin da ilektrod ke ɗauka daga tarin ƙwayoyin da ke kewaye da shi) tana bayyana a ilektrod biyun kusan tare, amma a hoton kalsiyam (hoton da ke haska ƙwayoyin da ke harbi) ƙwayoyin da ke kusa da na biyu ba sa kamawa sai bayan daƙiƙu masu yawa. Kuma in salar ta daɗe a ruwan, jinkirin sai ya ɓace. Wanne ne gudun gaskiya?

Dakta Lawal:

Wa alaikumus salam Malama Hafsat. Na'urarki lafiya ƙalau take, abu biyu daban kike aunawa. LFP galibi saƙon da ke shigowa ƙwayoyin jijiya yake nunawa, ba harbin da su kansu suke yi ba. Wurin da farfaɗiyar ta riga ta kama yana aika saƙon glutamet, sinadarin da ke zaburar da ƙwayoyi, ta dogayen zaruruwa zuwa gaba, saƙon ya isa cikin milisakan kaɗan. Amma saƙon nan yana tayar da ƙwayoyin birki masu sakin GABA, sinadarin da ke danne ƙwayoyi, musamman masu ɗauke da furotin fabalbumin, su kuma su danne manyan ƙwayoyin dala, wato masu siffar dala da ke isar da saƙo gaba. Sai ki ga babbar sigina a ilektrod na biyu alhali ƙwayoyin wurin ba su shiga ba tukuna. Kamar gobarar daji ce, ana hango haskenta tun harshen wutar yana nesa.

Wannan birki na kewaye tsohon labari ne, Prince da Wilder sun bayyana shi a 1967 a ƙwaƙwalwar kyanwa da aka sa wa penisilin. Trevelyan da Yuste da abokan aikinsu a Jami'ar Columbia suka nuna shi a irin tsarinki a 2006 da 2007: farfaɗiyar tana tafiya taki-taki, rukunin ƙwayoyi ya kama, a tsaya, wani rukuni ya biyo. Tashin farko-farko yana jan ƙafa wajen milimita 0.1 a daƙiƙa, na baya kuma, bayan birkin ya gaji, yana kaiwa milimita 10 ko fiye. Ninki ɗari ke nan a sala guda. A 2012 Schevon da abokan aikinta suka ga irin wannan rabuwa ta cibiya da kewaye a ƙwaƙwalwar mutane masu farfaɗiya.

Don haka ki tace siginar daga Hz 300 zuwa sama don ki ga harbin ƙwayoyi, ki ɗauki lokacin da harbi mai ƙarfi mai ɗorewa ya fara a kowane ilektrod. Ki rubuta gudun kowane tashi da lambarsa da mintunan da suka wuce tun cire magnesiyam. Kada ki haɗa su ki fitar da matsakaici, lambar ba za ta nuna komai ba.

Malam Sani:

Dakta ya gama magana kan tushe. Abin da zan ƙara shi ne ilektrod biyu sun yi kaɗan. In tashin ya ɓarke a tsakiyarsu, zai isa ga kowanne kusan lokaci ɗaya, lissafi ya ba ki gudun da babu shi. Kuma mafarin yana sauya wuri daga tashi zuwa tashi. To ɓacewar jinkirin da kike gani na iya zama gajiyar birki, na iya zama mafari ne ya matso. Ki jera ilektrod huɗu a layi, ko ki rage girman madubi zuwa 4x ki ga salar gaba ɗaya a hoton kalsiyam.

In kina son ganin birkin da idonki, ki kama ƙwayar dala ɗaya a shimfiɗa ta 5, da ruwan ciki mai sisiyam da ƙarancin kulorayid, ki sa maganin QX-314 don kada ta harba. Riƙe ta wajen mV −30. A nan GABA yana ja sama, glutamet yana ja ƙasa. Kafin farfaɗiyar ta iso za ki ga manyan tudu suna tashi sama a jere, sai su riƙa ƙanƙancewa, sannan siginar ta kife ƙasa. Lokacin kifewar shi ne isowarta. Yawan tudun da suka gabata yana raguwa yayin da gudun ke ƙaruwa, wannan ma abin ƙirgawa ne.

Dalilin karyewar birkin kuwa har yanzu ana ja-in-ja a kai. Kulorayid yana taruwa cikin ƙwayar dala fiye da yadda KCC2, furotin da ke fitar da shi, zai iya fitarwa, sai ƙarfin GABA ya ragu. Potasiyam na waje yana tashi daga kusan mM 3 zuwa 10 ko 12, abin da zai iya sa ƙwayoyin fabalbumin su daskare su daina harbi. Ni ina ganin su biyun tare suke aiki, domin KCC2 da potasiyam yake fitar da kulorayid.

Malama Binta:

Ƙanwata, ki kula da wani abu mai rikita mutane: wata igiya mai kashe sigina (spreading depression) da masanin kimiyya Leão ya gano a zomo a 1944. Tana yawan biyo farfaɗiya a ruwan da babu magnesiyam, gudunta milimita 2 zuwa 5 a minti, wato ba ta da nisa da gudun tashin farko. A hoton kalsiyam za su iya yi miki kama. In amfilifayarki tana yanke ƙananan mitoci ba za ki bambance su ba. Ki mayar da ita DC, wato yanayin da ba ta yanke su. Igiyar tana jan sigina ƙasa da mV 10 zuwa 20 ko fiye, potasiyam ya haura mM 30, sannan wurin ya yi shiru na mintuna. Tashin da ya zo bayanta kada ki gwama shi da sauran.

Hafsat:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. In na koma tayar da farfaɗiyar da maganin 4-AP ko gabazin maimakon cire magnesiyam, zan samu irin wannan jinkirin?

Dakta Lawal:

Da gabazin ko bikukulin mai yawa a'a, don magunguna ne masu toshe aikin GABA, kin cire birkin da hannunki. Abin da zai fito gajerun fashewa ne masu gudun gomman milimita a daƙiƙa, irin waɗanda ɗakin binciken Connors ya auna a ƙarshen shekarun 1980. Shi 4-AP, a µM 50 zuwa 100, yana barin GABA da ransa, har ma yana ƙara tayar da ƙwayoyin birki. Sai dai in ya cika ruwan wankan duka, ko'ina a shirye yake ya ɓarke. In yaɗuwa zuwa lafiyayyen nama kike son gani, ki fesa shi a gefe ɗaya da siririn bututu, ki sa wurin fesawar ta ɓangaren da ruwa ke fita don kada maganin ya kwararo kan inda kike aunawa.