Kuɗin maganin Baba ya fi ƙarfina, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu yana fama da hawan jini da ciwon suga, a wani asibitin kuɗi na unguwarmu yake ganin likita. Duk wata Norvasc da Glucophage ake rubuta masa, a ƙara da na ƙarin jini da na kuzari, kuma a cikin asibitin ake sayar mana. Ni ce babba, albashina ya kasa. Jiya na gano Baba yana tsallake rana don maganin ya kai ƙarshen wata, hankalina ya tashi. Mai kemis ya ce akwai masu araha da suke aiki iri ɗaya, amma ina tsoro. Yaya zan yi?

Wani mai harhaɗa magunguna:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Abu na farko, ki lallashe shi ya daina tsallake rana. Hawan jini ba ya sallama, shanyewar ɓarin jiki kawai za a gani. Mai kemis bai yi ƙarya ba. Norvasc suna ne da kamfanin Pfizer ya saka, ainihin maganin amlodipine ne; Glucophage kuwa metformin ne. Kamfanoni da dama suna yin su, har da na cikin gida, kuma farashin bai kama ƙafar waɗancan ba. Amma kada ki sauya da kanki. Metformin akwai na yau da kullum, akwai mai narkewa a hankali, ƙarfinsu ma ya bambanta. Ki koma wurin likitan, ki gaya masa gaskiyar aljihunki, ki roƙe shi ya rubuta ainihin sunan maganin da ƙarfinsa a takarda, ki fita da ita. Haƙƙinki ne. Ki kuma tambaye shi ko gwaji ne ya nuna Baba na buƙatar na ƙarin jinin nan, don sau da yawa irinsu ne ke kumbura lissafi.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Kada dai a ɗora wa likitoci laifin duka. Gaskiya ne wasu asibitocin daga magani suke cin riba, wakilan kamfanoni kuma ba sa barin ofishin likita. Amma wani likitan tsoron jabu ne ke sa shi nacewa a kan wanda ya sani. Sannan faɗuwar naira ta taɓa komai. Tun da kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa a Najeriya a 2023 muka ga yadda farashin Augmentin, maganinsa na kashe ƙwayoyin cuta, ya yi tashin gwauron zabo. Ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Bayan an sauya, a riƙa auna jininsa da sugansa a kai a kai na 'yan makonni.

Wani dattijo:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. In a Kano kuke, ki je ofishin KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar, ki tambayi yadda ake saka iyaye a inshorar lafiya. Ni amlodipine nake sha, a asibitin gwamnati nake karɓa, kuma jinina ya zauna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan raka Baba da kaina, da kwalayen magungunan duka a hannuna.