Hasken lesa a gefen ido: ya dace da baƙar fata?

Maman Zahra:
Assalamu alaikum. Shekarata 53, ina koyarwa a Kano. Tun bara fatar ƙasan idona ta saki ta yi tamoji, in na sa kwalli da safe, kafin azahar ya gangara ya kwanta a cikin layukan. Ƙanwata ta ce ana gyarawa da hasken lesa, wato wani haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa a fata, fatar ta ɗame. Ni baƙa ce sosai, ga bikin 'yata saura wata biyu. Don Allah wadda ta sani ta ba ni shawara.

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Wanda aka fi yi shi ne lesar CO2, yana ƙona ƙananan ɗigo-ɗigo a fata, sai jiki ya shiga ƙera sabon kolajin, wato sinadarin da ke ɗame fata, wurin warkewa. Ɗamewar ba nan take ba ce, tana ɗaukar wata uku zuwa shida. Makon farko kuwa kumburi ne da ɓawo. Abin da ya fi damuna, zafin yana tayar da sinadarin launi a fata irin tamu, wurin ya yi duhu fiye da da, har ya kwashe watanni. Ki je wurin likitan fata tukuna, ya gwada a ɗan wuri. Kuma in za a yi a kan fatar idon, dole a sa murfin ƙarfe a cikin idon. Duk wanda bai ambaci wannan ba, ki ɗauki jakarki.

Hajiya Babba:
Ni na yi, 'yar'uwa. Tamojin ya ragu, ba ƙarya, amma na koma zirga-zirgar kasuwa cikin zafin ranar watan Maris ba man kariya daga rana. Wata biyar ina yawo da baƙin zobe a idona, gilashi ba ya barin fuskata. Kafin biki dai kar ki soma.

Ummu Sadiq:
Na manta: in kina shafa man bilicin, ko tabonki yana tashi ya yi tudu, ko kina da ciwon suga, ki faɗa wa likita. In kuma fatar saman ido ce ta zubo, wannan aikin tiyata ne.

Maman Zahra:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Hujin kunnena ya taɓa yin tudu, ban san yana da alaƙa ba. Zan bari sai an kai amarya, sannan in nemi likitan.