A taimaka, na maƙale a binciken Farfesa Handique na Assam

Salam jama'a, don Allah a taimaka min, abin nan ya ishe ni wallahi. Ina rubuta takarda ne kan Krishna Kanta Handique, masanin Sanskrit (tsohon harshen adabi na Indiya) ɗan jihar Assam a Indiya, wanda ya zama shugaban farko na kwalejin J.B. a Jorhat a 1930, daga baya kuma shi ne shugaban Jami'ar Gauhati na farko daga 1948 zuwa 1957. Wannan duk na samu ba wahala.

Inda na maƙale shi ne fassarar da ya yi wa Naishadhacharita, wata doguwar waƙar Sanskrit ta mawaƙi Sriharsha, zuwa Turanci, bugun farko na 1934. Malamina ya kafe sai na kawo lambar shafi daga gabatarwar wannan bugun, ni kuma duk fayil ɗin da na sauke na bugun birnin Poona ne na 1956, shafukan ba su zo ɗaya ba, ɗaya ma da na samu hoton ya dushe gaba ɗaya ba a iya karanta bayanan ƙasan shafi, kuma a nan ne mutumin ya zuba ilimin. Na gwada neman sunan a intanet da Handique na gwada da Handiqui, sai sakamakon jami'ar karatu daga gida da aka sa wa sunansa a Guwahati ke ta fitowa. Na je laburaren makarantarmu, ko sashen Indiya babu.

Shin akwai wanda ya san inda zan samu bugun 1934 ɗin a intanet wanda ake iya karantawa sarai? Na gode.